Garewanin Badaru

Kafaɗar Badaru ta dama ta fi ta hagu gangarawa, kuma duk wanda ya san sana'arsa ba zai tambayi dalili ba. Shekara talatin da ɗoriya yana saɓa sanda a kanta, garwa ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana ratsa lungunan Malbaza yana kiran "ga ruwa". Mutumin Badaguishiri ne. Ya baro can yana saurayi, shekarar da rijiyar lambun ubansa ta rufta, ya zo neman aikin kamfanin siminti kamar kowa. Kamfani bai ɗauke shi ba, sai ya koma ga ruwa. Da samari suka shiga tura kura mai jarkoki goma, shi ya ƙi. Ya ce akwai lungun da kura ba ta shiga, kuma a can ne tsofaffin da suka fi buƙatarsa suke.

Ba shi da gona a garin, ba shi da shanu, gidan ma na haya ne. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a ransa, sunansa. Ga-ruwa yana shiga gidan da ko ƙanin miji sai ya yi sallama sau uku, ya wuce har gindin randa, ya ga abin da ya gani ya fito bai ga kome ba. Ba a taɓa tsintar ko tsinke a ruwan Badaru ba, ba a kuma taɓa jin maganar wani gida a bakinsa ba. Matarsa Tsahara, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, takan ce Allah ya raba musu baki ɗaya ne, ya ba ta duka, ya bar mijinta da na cin tuwo.

Ana nan sai kamfani ya kawo wani Ba'indiye mai gyaran injuna, sunansa Murali. Gajere ne, baƙi kamar kowa, da tabarau da ɗan gashin baki. Ya kama haya a cikin gari, kan hanyar da Badaru ke bi zuwa famfo.

Wata safiya Badaru ya taho da garewaninsa wayam, suna ƙara a jikin igiya. Daidai lokacin Murali ya buɗe ƙofa zai shiga motar da ke kai shi aiki. Yana ganin Badaru sai ya yi turus, ya juya ya koma ciki. Badaru ya ɗauka mantuwa ya yi. Washegari aka sake. Rana ta uku ƙofar ba ta rufu ba, Badaru ya hango shi ya zauna a kujera, ya kurɓi ruwa, yana jira hanya ta yi fili.

Da a ce su biyu kaɗai suka san wannan, da magana ta mutu a nan. Amma akwai Lawali, direban motar, mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa. Da maraice ya isa teburin Idrissa mai shayi, tun bai zauna ba ya fara.

"Ku ji abin da nig gani. Ba'indiyenga, in yag ga Badaru da sahe, komawa shikai cikin gida. Sau ukku ke nan. Nit tambaye shi, yac ce mini ba kyau, ba kyau."

To, mutanenmu sun daɗe da yanke wa Indiya hukunci ba tare da sun taka ƙasar ba. A wurinsu ƙasar siddabaru ce da manyan asirai, inda ake ganin abin da ke bayan bango. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce in dai Ba'indiye ya gudu, to akwai abin gudu. Babu wanda ya ce a tambayi Ba'indiyen.

Mako bai zagayo ba hujjoji suka fara taruwa, don mai neman hujja ba ya rasawa. Wani direban babbar motar siminti ya gaisa da Badaru da sassafe, taya ta fashe masa kafin Tsarnawa. Tayar nan kowa ya san ta, ta sha kwalta har zarenta ake gani, amma ranar ba a tuna da wannan ba. Furar wata mata ta yi kwantai, ta tuna wanda ta fara gani. Sai suna ya fito, ba a san bakin da ya fara furta shi ba: Baƙar Safiya.

Ba a kore shi daga ko'ina ba, da ma an kore shi da ya fi sauƙi. Sai dai tsohuwa Ummulkhairi, wadda ya shekara goma yana cika wa randa kafin rana ta fito, ta tare shi a zaure tana kallon ƙasa. "Badaru, daga yau ka bari sai hantsi ya yi, ka jiya? Ba don komi ba." Gida biyu suka bi sahunta, sannan biyar. Direbobin tasha in sun hango shi da safe sai kowa ya duƙa yana duba ƙarƙashin motarsa. Abin ya ci Badaru ƙwarai. Ya rame, ya daina zama a ƙofar masallaci bayan asuba, don kada ya ɓata wa wani rana.

Tsahara ce ta gaji. Wata la'asar ta ajiye matsami a kan kasko ta dube shi.

"Malam, zamanga naka ba ya wanke ka. Mutumen nan ba aljani ba na, baki gare shi. Tahi ka tambaye shi mi kay yi mai. In ba ka zuwa, ni in tahi, kuma ka san ban iya tambaya a hankali ba."

Ya san ba ta iya ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi.

Ya tarar da Lawali yana wanke mota a ƙofar gidan, dole shi ya zama tafinta, da ɗan Turancin da ya tsinto a Sakkwato. Badaru ya tsaya a tsakar gida, hannunsa a baya, ya ce a tambayi maigida laifin da ya yi masa. Murali ya saurara, ya sa aka maimaita. Da ya gane, sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya ruga ciki ya fito da kofi biyu, ɗaya da ruwa ɗaya babu, da hoton wata tsohuwa mai ɗigo a goshi.

Uwarsa ce. A garinsu, in ji shi, in mutum zai fita neman abinci ya yi karo da mai ɗauke da tulu cike da ruwa, to hanya ta yi kyau. In tulun wayam ne, sai ya koma ciki, ya zauna, ya kurɓi ruwa, sannan ya sake fita. Haka uwarsa ta yi masa tun yana zuwa makaranta, kuma ranar da zai baro gida ta sa ya yi mata alkawarin ba zai bari ba, tunda aikinsa da injuna ne masu cin hannu. Ya ɗaga kofin da babu ruwa, ya nuna Badaru, ya girgiza kai da ƙarfi.

"Mutum, kyau," ya ce da Hausarsa ta wata takwas. "Garwa, babu ruwa, ba kyau. Mutum, kyau ƙwarai."

Badaru ya daɗe yana kallon kofunan nan biyu. Wata uku yana tuhumar fuskarsa, da ƙafarsa, da asalin kakanninsa, ashe garwa ce. Dariya ta zo masa irin wadda ke kusa da kuka. "Gaya mai camfi na wanga," ya ce wa Lawali. "Allah ɗai ka yi. Amma gaya mai na jiya."

Washegari ya canza hanya. Maimakon ya bi ta ƙofar Murali zuwa famfo, sai ya zagaya ta bayan masallaci, ya ratsa wurin masu walda, ya cika garewaninsa taf, sannan ya biyo ta ƙofar daidai lokacin fita aiki. Zagayen ya ƙara masa tafiya mai yawa, kuma babu wanda ya roƙe shi. Tsahara ta tambaye shi ko ya shiga addinin Indiya ne. Ya ce a'a, baƙo ne, uwarsa tana nesa, kuma ruwan dai dole a ɗauko shi ta wata hanya.

Murali ya yi wa Lawali faɗa kan yaɗa maganar da ya yi, Lawali kuwa ya koma teburin shayi ya ce ashe garwa ce ba mutum ba. Amma gyara ba ta da ƙafar da ɓarna ke da ita. Aka ce rufa masa asiri ake yi. Wasu suka ce Ba'indiyen ya ba shi wani laƙani ne da ya tsare kansa shi kaɗai. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan dai ta yi, har da jikoki. Sunan ya lafa amma bai mutu ba. Ummulkhairi ta ci gaba da karɓar ruwanta da hantsi. Badaru kuwa bai sake kai wa Murali maganar ba, don kunya, ya bar shi yana zaton kome ya wuce.

Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka. Ƙofa ta buɗe, garewani su wuce suna sheƙi, Murali ya haɗa tafin hannunsa a ƙirji, Badaru ya ce a sauka lafiya. Ranar Lahadi, da babu aiki, sukan zauna a kan benci su sha shayi, kuma a nan Badaru ya ga sauran kayan camfin Murali. Duk Asabar Murali yakan soke lemon tsami ɗaya da barkono bakwai a zare ya rataya a bakin ƙofa don mugun ido. Tsahara da ta gani ta ce wannan ai kayan miyar kwana biyu ne ake shanyawa a banza. In wani ya yi atishawa yana shirin fita, sai ya dawo ya zauna. Ba ya yanke farce ranar Talata. In hankaka ya yi kuka a kan katanga, sai ya ce baƙo na tafe, ya ƙara shinkafa. Kuma kada ka kuskura ka kira shi ta baya in ya riga ya ba ƙofa baya.

Badaru yakan yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Mutum da ilimin inji, hankaka na ba shi labari."

"Kai fa, Baba Badaru?" in ji Murali, da Hausarsa ta riga ta zauna, ko da yake ba ta taɓa miƙewa ba. "Jiya ka yi tuntuɓe ƙafar hagu, ka tsaya, ka ce hanya ba kyau. Ni na gani."

"Wannan daban na."

"Tsahara ba ta ba da gishiri bayan magariba."

"Wannan ma daban na. Namu an gwada an gani."

Murali ya ce nasu ma an gwada an gani. Ba su taɓa gama wannan gardamar ba, kuma da alama babu mai son ta ƙare. Shekarar da uwar Murali ta rasu, ya tafi gida wata biyu ya dawo da kai aske. Safiyar farko da ya buɗe ƙofa, garewanin suna nan tafe. Ya tsaya yana kallonsu har suka sha kwana, Badaru bai ce masa kome ba ban da a sauka lafiya.

Ruwa dai ba ya barin mai ɗaukarsa haka nan. Kaba ta daɗe tana damun Badaru a mara, yana ɗaure ta da ƙyalle yana fita. Bana ta ƙi ɗauruwa. Likita a asibitin Galmi ya duba ya ce sai an yi aiki, ya sa rana, ya ce a zo da sassafe ba a ci kome ba. Badaru ya ce shi ba ya tsoron wuƙa, amma tun daga ranar ya daina gama tuwonsa.

Ana jibi tafiya Tsahara ta je tasha neman motar da za ta ɗauke su da safe. Na farko ya ce motarsa na gareji. Na biyu ya ce an riga an kama shi. Na uku, yaron da aka haifa Badaru na zuba ruwa a randar uwarsa, ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, da dai kun bari sai lodi na biyu." Nan ta gane. Ba ta zagi kowa ba, abin da ya ba duk tashar mamaki. Ta wuce kai tsaye gidan Murali, ta tsaya a bakin ƙofa ƙarƙashin lemon tsaminsa, ta zazzage masa labarin shekara goma sha ɗaya, da hantsin Ummulkhairi, da sunan da ake kiran mijinta a bayan idonsa. Murali ya zauna a ƙasa yana ji. Da ta gama ya ce zai nemo mota, sannan ya roƙi aron abu ɗaya, ya ce kada ta gaya wa maigidanta.

Motar Lawali ya samo. Lawali ya bar kamfani da daɗewa, yana jan tasa a tasha. Ya yarda ne don nauyin tsohon maigidansa, amma ranar tafiya sai ya tsaya can bakin lungu, ya zauna a ciki yana kallon gaba.

Tafiyar ga-ruwa tana da ƙa'ida. Gwiwa a sake, taki gajere, ka bar sanda ta yi lilonta kana bin ta. Murali bai san ko ɗaya ba. Da gari ya waye ya cika garewanin Badaru a famfo, ya saɓa sandar, ya miƙe da ƙyar. Garwar gaba ta doke shi a gwiwa, ta baya ta rama a ƙwauri. Bai bi ta bayan masallaci ba, ya bi ta babbar hanya, ta gaban teburin Idrissa, ta bakin tasha. Mutum mai furfura da tabarau da rigar aiki, yana tangaɗi, ruwa na zuba masa har cikin takalmi. Masu shayi suka bar kofunansu, direbobi suka bar lodi. Kafin ya kai lungun su Badaru rabin unguwa na biye da shi, ana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya tsaya a ƙofar gidan yana haki. Tsahara ta ɗaga labule, Badaru ya fito dafe da mara. Ya ga jama'a, ya ga sandarsa a kafaɗar da ba tata ba, ya gane. Amma idon sana'a ba ya jin kunya, sai ya leƙa garwar gaba, ya leƙa ta baya.

"Murali," ya ce a hankali, "ai ba su cika ba. Ko rabi babu."

Murali ya duba. Fuskarsa ta faɗi, har ta ba mutane tausayi, dariyar ta ɗauke. "Koma ciki, Baba. Zauna, sha ruwa. A'a, likita ya ce kar ka sha. Zauna kawai. Ni koma famfo." Ya yunƙura zai juya, ƙafarsa ta ƙi. Sai ya sauke sandar, ya fuskanci mutanen da suka cika lungun, ya ɗaga hannuwansa biyu ya ware yatsu.

"Ku duba. Goma. Inji na cin hannu, kun sani. Shekara sha ɗaya, ni fita da safe, wa na fara gani? Shi. Kullum shi. Ku ƙirga, goma." Ya sauke hannuwansa. "Ku kun ce Baƙar Safiya. Ni na jawo. Shi bai yi kome ba, ruwa kawai ya kawo muku."

Kowa a lungun ya sami abin kallo a ƙasa. Can sai aka ji takun silifa. Tsohuwa Ummulkhairi ce, ta shiga gidanta ta fito da kwanon sha cike daga randa, tana riƙe da shi da hannu biyu don kada ya zube. Ta juye a garwar gaba. Ba ta dubi Badaru ba, ta dai ce, "Naka na, na jiya da hantsi." Maƙwabciyarta ta kawo moɗa. Wata ta kawo tasa. Idrissa ya aika aka ɗauko butarsa. Ruwan da Badaru ya shekara da shekaru yana shigarwa gidajen nan ya yi ta fitowa kwano-kwano, har garwar gaba ta cika ta tumbatsa. Ta baya ta rage kamar yatsa uku.

Aka ji an buɗe bayan mota. Lawali ya taho da jarkar da yake ajiyewa don inji in ya yi zafi. Ya durƙusa ya tsiyaya a hankali har ruwa ya taɓa baki. Bai tashi nan da nan ba.

"Baba, bakina yaj ja wanga abu. Ka yahe mini." Ya miƙe ya karɓi ƙunshin kayan daga hannun Tsahara. "Gaba za ka zamna, kusa da ni."

Badaru ya dubi garewaninsa biyu, cike taf a ƙofar gidansa, ba shi ya ɗauko ba. Ya ce bismillah, ya ratsa tsakaninsu. Tsahara ta lura da ƙafar dama ya fara, ta adana wannan don wata rana. Babu wanda ya kira shi ta baya, don Murali ya tsaya ya ware hannuwa yana hana kowa.

Sun wuce kamfani, sun hau hanyar Galmi, Badaru na ta kallon gonaki ta taga bai juyo ba. Tsahara ta leƙo daga baya ta tambaye shi ko ciwon ne.

"A'a," ya ce, yana goge fuska da hannun riga. "Camfi na dai. Amma sun cika."